A Duba Wayar Totur Kafin Salisu Ya Hau Babur

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tseren Babura na Ranar Juma'a, da sauran 'yan kwamiti, Jidda.

Gaisuwa mai yawa tare da ban girma. Ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku na nan da waɗanda kuka baro a ƙasashenku. Ni ne Haruna Abdulƙadir, mazaunin unguwar Sa'alaba, wanda a da yake tuƙa tankar ruwa. In sunan bai tuna muku da kowa ba, ni ne wanda aka kwasa daga filin tserenku a bayan a-kori-kura, Juma'ar farko bayan tafiyar alhazai, ƙafar dama tana reto. Da Hausa na rubuta, Malam Idirisu tafintan kamfaninku zai juya muku. Na kuma liƙa kwafi a gahawar Bani Malik, shagon shayin da mahaya ke zama, don maganar ba tawa ce ni kaɗai ba. Ƙanena Salisu ya ba da sunansa a tseren da ke tafe, kuma dokar da ta lalata mini ƙafa tana nan ba a taɓa ta ba.

Na farko, ita kanta dokar. Kun ce duk babur da zai shiga tsere ya zo yadda ya fito daga masana'anta, ba a sauya masa ko ƙusa ɗaya. Ranar da mutum ya karɓo shi daga wakilin masana'anta, ranar za ku buga hatimin darma a inji, ku ɗiga jan fenti a kan wayar totur da ta birki. Wanda aka ga fentinsa ya tsage an kore shi. Ban ƙi manufar ba. Da babu ita, injiniyoyin kamfani za su riƙa yin odar kaya ta jirgin sama, mu direbobi da 'yan dako mu yi ta shan ƙurarsu. Ina cikin waɗanda suka tafa ranar da aka karanta ta.

Sai da ina kwance a asibiti na san asalinta. Ranka ya daɗe, ka zo duba ni da lemo, kuma ban manta da wannan alheri ba. Don ka ɗebe mini kewa ka nuna mini hotunan ƙasarku, kana kan wani abu mai kama da babur, babu taya, sai sarƙa a baya da faranti biyu dogaye a gaba, kana gudu a kan ƙanƙara. Da bakinka ka ce dokar tseren waɗannan kekuna ce kuka kwafo mana. Ni dai ƙanƙarar da na sani ita ce wadda mai lemo ke fasawa da guduma, ban taɓa ganin wadda ake tsere a kanta ba. Na yi maka murmushi ranar, amma da ka fita sai da na juya fuska bango na yi hawaye.

Na biyu, yadda kaya ke iso mana. Wataƙila a can abu yana fitowa daga masana'anta ya shiga shago mai sanyi, ya jira mai saye. A Jidda kowa yana ganin jiragen ruwa sun yi layi a teku wata da watanni suna jiran sauke kaya. In an sauke, akwatin ya sake zama a tasha, rana ta gasa shi, raɓar gishiri ta jiƙa shi. Abin da kuke kira sabo ya riga ya tsufa a cikin kwalinsa. Shi ya sa a garin nan ba mai hawa sabon babur sai an yi masa wanka, kamar yadda muke faɗa: a kai shi warsha, wato wajen makanike, a zare kowace waya daga kubenta, a jiƙa ta da mai, wadda ta yi tsatsa a jefar. Mai kai burodi yana yi, masinjan ofis yana yi. Wannan ba ƙarin gudu ba ne, kuma ba wayo ba ne. Ni ma na kai nawa wajen makanike Usta Jibrin, ya dubi jan fentinku, ya dube ni, ya tambaye ni ko wanka nake so ko tsere. Na ce tsere. Ya ce halas, shi ke nan, Allah ya tsare, ya mayar da sifanarsa aljihu.

Na uku, abin da ya faru. Bayan la'asar ne, muna zagaye na ƙarshe, na tunkari gangar da ake shan kwana a gefenta. Na saki totur, bai dawo ba. Na murɗa baya da ƙarfi, injin yana ta kuka kamar ban taɓa shi ba. Abin da na tuna bayan nan shi ne ƙarar ƙarfe, sai yashi a bakina. Likitoci sun yi iya yinsu, an bar mini ƙafar, amma idon sawun ya daskare, ba ya lanƙwasa. Ƙafar da ba ta taka birki ba ta tuƙa tanka cike da ruwa a lungunan Sa'alaba. Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini, mutumin kirki ne, bai soke mini iƙama, takardar zamana, ba, ya ba ni kujera a ƙofar gareji. A nan nake wuni ina buɗe wa tankata ƙofa, wani yana tuƙa ta. Wallahi abin yana ci mini rai kullum.

Da na fara takawa da sanda, mun tsaga kuben wayar ni da Usta Jibrin. Daga waje yana ƙyalli, jan fentinku yana nan daram. A ciki kuwa tsatsa ta ci zaren ƙarfen, sun tsinke sun taru wuri ɗaya sun maƙale. Wayar tana wurina, duk wanda ke so a cikinku ya zo ya gani.

Na huɗu, kuma nan ne na fi jin zafi. Kwamitinku ya tsaya gaban mahaya ya ce an duba babur ɗin, hatimi lafiya, fenti lafiya, saboda haka kuskuren mahayi ne. To, lafiyar fenti kuka duba, ba wanda ya leƙa cikin waya. Ni da na yi shekaru ina juya babbar mota a inda jaki ma sai ya yi dabara, yau ni ne ban iya sakin totur ba. Maganar ta zaga gahawa. Wasu suna yi da wasa, wasu da gaske, wai 'yan gidanmu tulun ruwa suka iya ɗauka, ba babur ba.

Na biyar, Salisu. Ni aka goyo daga Mai Wurno ta ƙasar Sudan, shi kuwa a nan aka haife shi, ɗan Jidda ne sosai, in na yi masa faɗa da Hausa da Larabci yake ba ni amsa. Magidanci ne, matarsa tana da tsohon ciki. Zancen gahawar nan ya tsaya masa a wuya, ya je ya karɓo babur irin nawa daga wakili ɗaya, kun buga masa darma, kun ɗiga masa fenti. Ya rantse sai ya ci tseren ya wanke sunana. Na ce masa ba na so, ƙafata ba za ta dawo don ya ci kofi ba. Innarmu ta yi kuka, ta yi fushi, ta ƙi cin abincin gidansa. Amsarsa ɗaya ce: yalla, mu je kawai, abin da Allah ya rubuta. Na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma tsatsar da ke cikin waya ana iya ganinta da ido in an bari a duba. Na roƙe shi ya bari a yi wa babur ɗin wanka a ɓoye, ya ce ba zai shiga da ha'inci a ce gidanmu ɓarayi ne kuma ba. Kun ga inda dokarku ta kai mu, mai gaskiya shi ne ke cikin haɗari.

Ga abin da nake roƙo. Ku bar hatimin inji yadda yake, ba wanda ya ce a ƙara wa kowa gudu. Amma ku halatta a zare wayar totur da ta birki a gabanku, a duba, a sa mai, wadda ta lalace a sauya ta da irinta. Ku kuma koma gaban mahayan da kuka gaya wa laifina ne, ku nuna musu wayar nan. In kun yi haka wataƙila Salisu ya huce ya janye da kansa. Ban nemi diyya ba, kuma ba zan nema ba.

In Juma'a ta zo ba ku sauya komai ba, to, ina sanar da ku tun yanzu don kada a ce na yi a ɓoye. Zan zo filin da sandata da filaya, in tsinke wayar babur ɗin Salisu a gaban idonku. Ku kore shi, dokarku ta ba ku dama. Na san zai daina yi mini magana, wataƙila ko sunan ɗansa ba zai gayyace ni ba. Na ɗauki wannan, in dai da ƙafafunsa biyu zai juya mini baya ya tafi gida.

Allah ya ba ku ikon duba maganar nan da idon rahama, ya tsare 'ya'yanku daga irin abin da ya same ni, ya mayar da kowannenku gida wurin mahaifiyarsa lafiya.

Wassalam.

Haruna Abdulƙadir,
mai gadin ƙofar gareji, Sa'alaba, Jidda.