Hayaƙin Motar Baba

Laraba, bayan isha'i

Yau motar marigayi Baba ta tsallake gwajin hayaƙi a Sakkwato, amma hankalina bai kwanta ba. Makon jiya sun koro ta, wai salansarta na fidda shuɗin hayaƙi. Mamman bakanike ya ce sai an sauke inji, kuma kayan tsohuwar motar alfarma irin wagga ba su samuwa nan kusa.

"Malam, bari in ɗura mata baƙin mai mai kauri, hayaƙin shi ɓuya kwana biyu."

Ban ce eh ba, ban kuma hana shi ba.

Yanzu takarda ta ce lafiyarta lau. Jibi za ni kai Inna asibiti ta hanyar Gatawa, inda ba a fatan mota ta mutu. 'Yan bindiga ba su duba takarda.