Gaisuwar Surukina Ta Toshe Mana Imel

Anti, ki taimake ni, kaina ya ɗau zafi. Surukina kafinta ne, yana da shagon kujeru da tebura. Ni kuwa ɗan ilimin kwamfuta da nake taƙama da shi ne ya ja ni na kafa masa sabar imel tamu ta kanmu, wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburin ofis, kullum sai na kakkaɓe mata garin katako. Har cika baki na yi cewa mun daina zaman haya a gidan wasu.

To Baba, haka nake kiransa, duk wanda ya taɓa ba shi katin adireshi ya shiga uku. Kowace safiya sai ya tura wa mutum ɗari da wani abu gaisuwa da hoton fure. Ni kaina na daina buɗewa. Ashe mutane sun gaji suna ta danna masa alamar saƙon banza, har kamfanonin imel suka sa adireshin sabarmu cikin jerin waɗanda ake toshewa. Yanzu duk abin da muka aika dawowa yake. Wata makaranta tana jiran farashin bencina kafin ƙarshen mako, in ba ta gani ba za ta koma wani shagon. Baba ya ɗauka na'urata ce ta lalace. Da wane baki zan ce wa uban matata gaisuwarsa ce ake zubarwa a shara? Tun da matarsa ta rasu, gaisuwar nan ce hirarsa. Wallahi tsoro nake ji.

Surukin Kafinta

Ɗana, kwantar da hankalinka, ba a fafe gora ranar tafiya, amma taka tafiyar da sauran kwana. Yau ɗin nan ka buga wa makarantar waya, ka kai musu farashin da ƙafarka.

Kada ka roƙi a cire ku daga jerin tukuna. In ba a tsayar da gaisuwar ba, za a sake mayar da ku, kuma karo na biyu ya fi wuyar fita. Ka tsayar da ita, ka duba ko ba wani ɓarawo ya sato kalmar sirri yana aike ta sabarku ba, sannan ka rubuta wa kamfanonin imel ɗin abin da ka gyara.

Baba bai yi laifi ba, zumunci yake nema. Su ma mutanen ba su yi laifi ba, ba su ce a gaishe su kullum ba. Kai da ka haɗa na'urar, kai ya kamata ka sa mata iyaka tun farko. Ka sa matarka ta yi maka sharar fage, ka faɗa masa gaskiya cikin ladabi, ku buɗe masa adireshi daban don waɗanda suke son gaisuwar.

Ka ce kai ma ka daina buɗewa. Gobe da safe ka buɗe, ka amsa masa. Mai yiwuwa amsa guda yake nema a cikin ɗarin nan. Allah ya daidaita tsakaninku, ya kawo kasuwa.