Haƙoran Kande a Hoton Isaka

Litinin, 27 Nuwamba 1961

Inna Saratu mai shagonmu ta ce kafin bikin Jamhuriya za a ɗauki hoton ɗayanmu cikin sabuwar riga, a kafa a gilashin shagon ɗinki. Wadda aka kafa hotonta ita za ta riƙa tarbar masu kawo ɗinki, ɗayar ta koma baya wajen guga. Mu biyu ne kawai, ni da Balkisa. Na riga ta zuwa shagon nan, na fi ta iya ɗinki, amma tun safe take ta washe baki kamar an riga an zaɓe ta.

Laraba, 29 Nuwamba

Wani direba ya ce haƙoran Balkisa kamar nono. Nono fa! Raina ya ɓaci har na tsallake abincin rana.

Alhamis, 30 Nuwamba

Mu a Tasawa farin haƙori ba ado ba ne. Mace mai ji da kanta furen taba take gogawa, ta bi da goro, haƙora su yi ja jawur. Haka Iyata take yi, kuma in ta yi murmushi a gidan biki sai an juyo. Balkisa haifaffiyar Yamai ce, me ta sani? Hausar ma a kasuwa ta tsince ta, har yau "kai" take ce mini.

Da la'asar na je lambun Baba Bawa a unguwar Gamkalle, ya tsinko mini fure cike da hannu. Ya ce, "Ɗiyata, aure ne?" Na ce ya fi aure.

Asabar, 2 Disamba

Inna ta kasa zaɓe, ta ce a ɗauke mu duka, hoto ya raba gardama. Muka je wurin Isaka mai hoto. Rigar ni na ɗinka ta, ni na fara sawa. Tun Alhamis nake goga fure, bakina ya yi kyau yadda ban taɓa gani ba. Isaka ya leƙo daga cikin baƙin ƙyallensa ya ce, "Ƙanwata, ki ɗan rufe bakin mana." Na ɗauka bayan Balkisa yake bi. Sai na ƙara buɗewa.

Talata, 5 Disamba

Hoto ya fito. Wayyo ni.

Ashe hoto bai san ja ba, baƙi da fari kawai ya sani. Bakina ya fito wani rami baƙi ƙirin, kamar tsohuwar da haƙoranta suka zube. Inna ta kai shi kusa da ido, ta ce, "Kande, ina kika ajiye haƙoran?" Matan da suka zo karɓar ɗinki suka yi ta miƙa wa juna, har wata ta zauna a kan buhun ƙyallaye don dariya.

Balkisa ba ta yi dariya ba. Ta karɓi hoton ta kifa shi a kan tebur. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, da ma ta yi dariyar in samu abin riƙewa.

Laraba, 6 Disamba

Guga. An kafa nata. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya.

Juma'a, 8 Disamba

Na dirje haƙorana da toka da yashin bakin kogi, na matsa lemun tsami a kai. Jan bai fita duka ba, ya koma dabbare-dabbare. Dasashina sai jini yake yi. Ruwan randa ma in ya taɓa su sai na ji har cikin kwanyata. Yanzu ba ni da jan Tasawa, ba ni da farin Yamai.

In zan yi magana sai na sa hannu a baki. Ni da a da ake cewa in rage surutu.

Litinin, 11 Disamba

Na tarar da itacen asuwaki a kan teburin guga, an fere shi tsaf. Balkisa ta leƙo ta ce, "Kai bar yashi, zai ci haƙori. Ruwan gishiri da wannan, sannu-sannu." Na ce wa ya tambaye ta? Ta tafi.

Ban jefar ba, don itace ne mai kyau kawai.

Alhamis, 14 Disamba

Jinin ya tsaya. Ba zan gaya mata ba.

Asabar, 16 Disamba

Shago ya cika, kowa na son kayansa kafin bikin jibi. Ina baya ina hura gawayi sai na ji wata matar ma'aikaci tana cewa irin rigar hoton nan take so, wa ya ɗinka? Na ce a raina yanzu Balkisa za ta ce ita ce. Sai na ji Balkisa ta ɗaga murya, "Kande! Fito, aikinka ne ake tambaya."

Na fito duk toka a zanena. Matar ta tambaye ni yadda na yi wuyan rigar, hannuna ya kama hanyar baki. Kafin ya isa, Balkisa ta danƙa mini tef ɗin awo a dama, alli a hagu, ta ce in auna Madam. Ba hannun rufe baki. Haka na yi bayani da haƙorana a waje, dabbare-dabbarensu da komai. Matar ba ta ko dube su ba, wuyan riga take kallo. Da ta ce hannuna na da albarka sai na ji ina murmushi, kuma na kasa dainawa.

Hoton Balkisa dai har yanzu ban ga abin da mutane ke tsayawa kallo ba. Da za mu rufe shago na ga yatsun yara sun ɓata gilashin daidai fuskarta. Na goge da bakin zanena.