Ginshiƙi na Goma Yana Nan a Gonarka

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga ubansa, Allah ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma da ƙyar za ka gane ta, don da hannun hagu nake rubutawa, layukan duk sun karkace kamar kunyar ɗan koyo. Na daman yana rataye a wuyana tun ranar da taraktarka, Jar Saniya, ta kife da mu a gona. Maganar ce ta cika mini ciki. In na faɗa wa Inna kuka za ta yi, shi ya sa na ce gara kai.

Inna tana nan cikin takaba. Ta rame, kuma har yanzu in ta kwashe tuwo sai ta manta ta zuba a kwanonka. Ruwa ya zauna sosai bana. Gari kuma sai matsowa yake, yanzu daga hanyar Kuje kana hango jan rufin sababbin gidaje, tifofi suna ta zirga-zirga da yashi.

Ka tafi ba ka san abin da ya kayar da mu ba, to bari in gaya maka. Ba kututture ba ne, ba dutse ba ne. Ginshiƙin kankare ne mai tsawon gwiwa, irin wanda masu safiyo suke kafawa in an yanka fili. An dasa shi a cikin ciyawa a bakin kwari, daidai inda muke juyawa. Tayar gaba ta hau shi, Jar Saniya ta karkata, kai kana zaune a kan madigadi ta ɓangaren kwarin. Guda goma suka dasa a gonarka. Ka san wanda ya shiga gaba yana nuna musu iyaka? Ƙaninka ne, Baffa Ilu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya sayar wa wani oga na ma'aikata da ke son gina gidajen haya, ya ce masa gonar gado ce kuma shi ne babba a kanta. Sun zo ranar kasuwa, lokacin da muka tafi Tungan Maje sayen faifan garma.

Sayarwar ba ita ce ta fi ci mini rai ba, Baba. Daren jajibirin huɗar, a ƙofar gidanmu ya ci tuwo da kai. Ya ji kana cewa gobe za mu shiga gona. Ya suɗe hannu, ya yi hamdala, ya tashi ya tafi. Kalma ɗaya ce ta gagare shi? Ko a kunnena ya raɗa cewa mu kula da bakin kwari, da yau kana nan kana yi mini faɗan na bar giris a kujera. Kuma wallahi shi ya fi kowa kuka a maƙabarta, har sai da aka riƙe shi.

Ko sadakar bakwai ba a yi ba ogan ya zo da baƙar jif da takarda mai hatimi. Mai unguwa ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiya. Ya ce in gonar ta kwana a saura daminar nan, za a rubuta cewa mun bar ta, su zagaye ta da katanga, shi ke nan. Amma in akwai shuka a ƙasa, zai tsaya mana a ce ba mai taɓa ta sai alƙali ya raba. Na nemi masu tarakta biyu daga maƙwabtan garuruwa su yi mini huɗar, kowa ya zame, ba wanda ke son rigima da mai jif. Mai ɗorin garin Jiwa da ya ɗora mini hannu kuma ya ce kada in ɗaga ko buta da hannun nan sai bayan wata uku. Baffa Ilu ya lissafa duk wannan. A ganinsa an gama da mu, uba a ƙasa, ɗa da hannu a kara.

Sai na sa aka tayar da Jar Saniya aka gyara ta. Ba abin da ya same ta sai fitila da madigadin da ya lotse, na ce a bar shi yadda yake. Mai walda ya liƙa mini ƙaramin boris a kan sitiyari, yadda zan damƙe shi da hagu in juya da tafi ɗaya. In zan sa giya, sai in danne sitiyarin da gwiwa in miƙa hannu da sauri. Libar ɗaga garma tana dama, can inda ba na kaiwa, sai na ɗaura mata igiya na ratayo ta kafaɗa, in ja ta da hagu, wani lokaci da haƙori. Da ka gan ni da ka yi dariya har ka riƙe ciki, sannan ka zage ni.

Ranar farko na sha wuya. Duk ramin da tayar ta faɗa sai in ji ƙashin yana motsi a cikin karan ɗori. Sau biyu na kashe inji na sauka na yi amai. Layin farko ya tafi a karkace, da kana nan da ka sa na sake shi. Amma duk lokacin da zafin ya ce in koma gida, sai in tuna Baffa Ilu yana suɗe hannu, in ƙara totur. Kwana goma sha ɗaya na yi a aikin da muke gamawa a huɗu. Inna ta aiko da irin masarar da ka ajiye a rumbu, matan unguwa suka taya ni shuka. Ta tsiro, Baba. Shekaranjiya mai unguwa ya zagaya da kansa ya gani.

Ginshiƙan kuwa, ɗaya bayan ɗaya na bi su. In ɗaura sarƙa da hagu, in take bakinta da ƙafa, in hau in ɗaga, ya tumɓuko kamar rogo. Na tara guda tara a gindin ɗorawa ina jiran rana.

Ranar ita ce sadakar arba'in ɗinka. A ƙofar gidan Baffa Ilu aka shimfiɗa tabarmi, wai shi ne babban gida yanzu. Ya sha sabuwar shadda, an ce da azumin nan ma Umra zai tafi. Na bari sai da malamai suka zauna, jama'a suka cika. Sannan na haɗa ginshiƙan nan tara a sarƙa, na ja su a ƙasa tun daga gona har tsakiyar gari, suna kartar hanya, mutane suna leƙowa. Na tsaya a gaban tabarmarsa. Ba zan ɓoye maka ba, ƙafata tana kan kuloci, tsakanin tayar gaba da gwiwarsa bai fi taku uku ba, kuma na ji zuciyata tana cewa in saki. Abin da ya hana ni tunanin Inna ne, ba tausayinsa ba. Na kashe inji, na kwance sarƙa, na bar masa kayansa a ƙofar gida. Kowa a wurin ya san ko mene ne.

Da yamma ya zo da liman, yana hawaye, wai in yafe masa kafin ya hau jirgi, wai bai zaci abin zai kai haka ba. Liman ya yi mini nasiha mai tsawo, na saurara don girmansa. Na ce ban yafe ba, ya je ya yi ɗawafinsa da alhakinka a wuyansa. Kuma ka san duk tungarmu tarakta ɗaya ce. Gonarsa tana nan ciyawa har ƙugu. Kullum ta gefenta nake wucewa, in na zo iyakarsa sai in ja igiyar nan in ɗaga garma sama, in wuce a hankali yadda zai gani. Na san za ka ce ɗan'uwanka ne. To ni ba ɗan'uwana ba ne kuma.

Saura magana ɗaya, wadda ban gaya wa kowa ba. Tun ina yaro dokarka ce, ba a sa garma a gona huɗar farko sai an bi ta da ƙafa da sanda, kusurwa zuwa kusurwa, saboda ƙasa tana sauyawa da rani. Ranar da muka kife, ka aike ni da sassafe in bi ta. Ban bi ba. Na tsaya wurin mai shayi, na ce a raina gonar da na girma a cikinta me zan gani. Na dawo na ce maka na duba, lafiya lau.

Na tuna ka kalli ƙafar wandona. A bushe take, ba raɓa, ba ƙarangiya ko ɗaya. Sai ka ajiye butarka ka hau madigadi, kai da ka daina bi na gona shekara biyu saboda ciwon baya. Ka gane ƙarya na yi, ko? Ka hau ne don ka duba mini gaba, don kada ka kunyata ni a gaban Inna? Me ya sa ba ka mare ni ka kora ni na koma ba?

Shi ya sa na bar na goman, wanda ya kayar da mu. Na yi huɗa na kewaye shi, yana nan tsaye a cikin masara. Kowace safiya da ƙafa nake zuwa wurinsa, da sandarka, in dawo wandona sharkaf. Ba zan sa masa sarƙa ba. Baffa Ilu ne zai zo da kansa, ya durƙusa ya tone shi da hannunsa biyu masu lafiya, ina tsaye ina kallo. Ko ranar ma ban yi alkawarin yafewa ba, don ni kaina ban yafe wa kaina ba.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka makwancinka. Gonarka ba ta kwana ba.

Ɗanka da ya ce ya duba,
Sabo