A Ba Sambo Ƙwai

Kumasi, Oktoba 1960

Zuwa ga ƙanwata Batulu, a Kaoje.

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya Inna da ƙafarta? Yaya maigidanki Yero? Ina fata ruwa bai cinye muku shinkafa bana ba. Ni lafiya lau nake, sai dai bayana da dakon goro ya fara lanƙwasawa, amma kada Inna ta ji.

Wani mutumin garin Lolo ya ba ni labarin ɗanku Sambo. Ya ce har yau bai tashi da ƙafarsa ba, tuwo ma ƙware shi yake yi. Ranar ana ta kiɗan samun 'yancin kanmu a zango, ni ko leƙawa na kasa.

Maƙwabciyata tana da ɗa irinsa. Kunun gero take tace masa, ta dama da nono, ta murje kifi ta tsince ƙaya, ta tallafe kansa tana ba shi kaɗan-kaɗan. Kullum kuma sai dafaffen ƙwai. Bai yi tafiya ba, ba zan yi miki ƙarya ba, amma wuyansa ya tsaya.

Na san Inna za ta ce yaron da ya ci ƙwai ɓarawo zai zama. Ba ni da halin zuwa in roƙe ta, ki durƙusa mata a madadina. Zabbinki suna ƙwai, ki ba shi. Wallahi Batulu, in ƙwai zai sa Sambo ya miƙe da ƙafarsa ya je ya yi mini sata, ni zan bar masa ƙofa a buɗe.

Allah Ya dube mu.

Yayanki,
Bunyaminu