Sa Hannu a Ƙasan Shafi

Litinin, 3 ga wata

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da Mama, kuma gwiwar ta yi sauƙi.

Labari farko, kamar yadda ka koya mini: takardar izinina ta aiki a ƙasar nan za ta ƙare ranar Juma'a, 28 ga wata. Tunda wurin da na yi shekara ina koyarwa ya rufe, ba za a sabunta ta ba sai na kai sabon kwantiragi. In ban kai ba, sai in haɗa kayana in dawo gida. Makarantu biyu sun ce suna so in koyar musu da Turanci.

Ta farko ta gwamnati ce, a tashar ƙarshe ta bas. Yara talatin da takwas a aji, da taga ɗaya da ba ta rufuwa, an tokare ta da tsohon ƙamus. Ba ni kaɗai zan riƙe ajin ba, akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar mai rataye tabarau a wuya, ita za ta riƙa fassara wa yara in na yi musu nisa. Ana tashi ƙarfe huɗu, kuma hutun yana da tsawo. Sai dai shugabar makarantar ba ta da ikon ɗaukata sai ofishin ilimi ya buga hatimi, kuma ba wanda ya san ranar.

Ta biyu ta kuɗi ce, a hawa na huɗu, saman wani shagon takalma. Yara takwas kacal. Bangon ajin gilashi ne, iyaye na zaune a waje suna kallo kamar masu jiran likita. Albashin ya fi, ga ɗakin kwana kyauta. Mai makarantar, wanda na sa wa suna Murmushi don ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba, ya ce kwantiragi na cikin aljihun teburinsa. In yi gwajin mako ɗaya, mu sa hannu.

Ina jiran shawararka. A gaida Mama sosai.

'Yarka

Laraba, 5 ga wata

Uwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa kuma tana nan yadda kika bar ta, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

Wasiƙarki ta tsaru. Da a gidan jarida ne, da na wuce da ita ban taɓa alƙalami ba.

Shawarata: ki ɗauki ta kuɗin. Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran shafuka, na ga labaran hatimi iri-iri, kuma ban taɓa ganin hatimin da ya yi sauri don wani yana sauri ba. Kina da kwana ashirin da uku. Takardar da ke cikin aljihun tebur takarda ce. Wadda ke ofis kuwa alkawari ce kawai. Ki yi shekara guda a saman shagon takalman, in izininki ya zauna da gindinsa sai ki nemi ta gwamnatin a tsanake.

Mamanki ta ce in gaya miki ki bi mai ɗaki, don ta gaji da jin kina raba madafa da mutum huɗu. Ita ce za ta ɗauki hoton wannan wasiƙa ta turo miki a waya. In kin ga babban yatsa a tsakiyar shafi, ba nawa ba ne.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki

Asabar, 15 ga wata

Baba,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ka da Mama.

Na gama makon gwaji, ban sa hannu a kwantiragin ba.

Ranar farko Murmushi ya karɓe jan birona ya ba ni kore. Ya ce ja yana tayar wa iyaye hankali, kuma kada gyara ya wuce uku a shafi. Na haɗiye, na ce launi ne kawai. Yaran suna da daɗin sha'ani, kuma da yara takwas kana jin muryar kowa.

Jiya ya kawo mini takardun rahoton wata da ake ba iyaye. Akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, mahaifiyarta na da kantin magani a ƙasan titi. Shekararta uku a makarantar, amma ba ta iya haɗa jimla biyu da kanta ba, sai abin da ta haddace. Na ba ta maki arba'in. A rahoton sai na ga tamanin da biyar, ga wurin sa hannun malami a ƙasa ba kowa. Na ɗauka kuskure ne. Ya ce ba kuskure ba ne, a makarantarsa ba a ba da ƙasa da tamanin, don yaron da ya tafi gida da arba'in ba ya dawowa wata mai zuwa. Bai ɓoye komai ba, kuma bai yi fushi ba. Ya ce duk malaman da suka gabace ni sun sa hannu, hannunsu bai guntule ba.

Na ce masa: “Mahaifina ya yi shekara talatin da ɗaya yana sa haruffa biyu na sunansa a ƙasan kowane shafin jarida, kuma bai taɓa sa su a shafin da bai yarda da shi ba.”

Ya ce: “To, mahaifinki zai sabunta miki izini?”

Ya ba ni zuwa Litinin. Na leƙa makarantar gwamnatin da yamma, fayil ɗina yana ofishin ilimi, bai motsa ba. Na san wannan ba ita ce shawarar da ka ba ni ba.

Na bar ku lafiya.

'Yarka

Lahadi, 16 ga wata

Uwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Akwai gyara a abin da kika gaya wa mutumin nan. Na taɓa sa hannu a shafin da ban karanta ba, sau ɗaya, kafin a haife ki. Shafin sakamakon jarrabawa ne. Edita na tsaye a kaina, injin bugawa na jira, ya ce jerin sunaye ne kawai, me zan gyara a ciki? Na sa hannu. Ashe layi ya zame, sunaye goma sha tara na waɗanda suka faɗi sun hau cikin waɗanda suka ci. Bayan kwana biyu wani tela ya zo ofis da 'yarsa, jaridar na ninke a hannunsa. Sun riga sun gaya wa maƙwabta cewa ta ci. Bai zagi kowa ba, ya dai tambaya wane ne ya duba shafin, aka nuna masa ni. Gyaran da muka buga layi uku ne a shafi na goma sha huɗu.

Ban taɓa gaya miki ba, don ina jin daɗin yadda kike faɗin tarihina.

Na janye shawarata. Lissafin kwanakin dai yana nan yadda yake, kuma kina iya rasa duka biyun. In hakan ta faru, ɗakinki na nan. Mamanki ta cika shi da keken ɗinki da yadi, amma za mu share. Ta ce in rubuta cewa ni da ke kanmu ɗaya, dutse ne, kuma ni na ɓata ki. Na rubuta. Ita kuma ta karanta wa ƙawayenta wasiƙarki har sau biyu, wannan ba ta ce in rubuta ba.

Allah ya tsare mini ke.

Babanki

Talata, 25 ga wata

Baba,

Assalamu alaikum. A gaida Mama, a ce kada ta taɓa keken tukuna.

Na mayar wa Murmushi koren bironsa ranar Litinin ɗin, na karɓi nawa. A matakala na haɗu da mai kantin maganin, ta tambaye ni makin 'yarta na gaskiya. Na faɗa mata. Daga nan ta hau sama neman littafin yarinyar.

Malama mai tabarau ta makarantar gwamnatin ta ɗauki maganata da kanta. Kwana uku ke nan tana zuwa ofishin ilimi bayan an tashi, ta zauna a benci tana duba littattafan ɗalibanta a gaban akawun, har ya san sunanta. Fayil ɗin ya tashi daga hawa na ƙasa zuwa na biyu.

Na gode da labarin telan. Zan ci gaba da faɗin tarihinka, da gyaran a ciki.

Na bar ku lafiya.

'Yarka

Ƙari: akawun ya ce mai hatimin zai dawo daga tafiya ranar Alhamis, 27 ga wata. Har yanzu ba a tabbatar ba.