Kunnen Bature

Hellen,

Na so in jira ki dawo daga koyon waƙa, amma jirgin Jos ba zai jira ni ba. Karanta wannan kafin ki leƙa kejin zomonki.

Kakarki ta aiko miki da wani zomo daga Fadan Kagoma. Direban da ya kawo ya ce mace ce, ni kuma ban duba ba. Na ga Bature ya daɗe shi kaɗai, sai na zura masa baƙon a keji, na shiga wanka. Ashe namiji ne. Kafin in fito ya tsaga wa Bature kunnen hagu.

Na wanke da ruwan gishiri, jinin ya tsaya. Na ba shi ganyen dankali, ko sansanawa bai yi ba.

Baƙon yana ƙarƙashin kwando a gindin mangwaro, na danne da dutse. Kada ki haɗa su. Kada kuma ki huce a kansa, kyautar tsohuwa ce, ba a mayarwa. Ran Asabar zan yi masa nasa kejin.

Ki gafarta mini. Shekara biyu kina kiwon Bature, ko ƙwarzane bai taɓa samu ba. Ni rabin awa kawai aka bar mini shi.

Babanki